Ƙurɗuba a Kwana Biyu, da Maganar Tsohon Masallacinmu



Tun dawowarmu daga Sifaniya ake tare mu a ƙofar masallaci da tambaya guda: "Malam, ashe kun ga masallacin nan da aka ƙwace?" Wasu tun kafin mu buɗe baki sun riga sun yi ajiyar zuciya. Amsa gutsi-gutsi tsakanin magariba da lisha ta ishe mu, shi ya sa muka ga gara mu zauna mu rubuta, kowa ya karanta a tsanake, mai yin fushi kuma ya bari sai ya kai ƙarshe. Mun gan shi. Yana nan tsaye daram bayan shekara 1,200 da 'yan kai. Mun tafi da guzurin hawaye kamar yadda kowane ɗalibi ke tafiya Andalus, amma abin da ya hana mu barci a daren farko shi ne wannan tsayuwa tasa, domin ta tuna mana da takardar da ke cikin jakarmu, wadda kwamiti ya rubuta yana neman Maigida ya sa hannu a rushe tsohon masallacinmu na zango a gina bene.

Dalilin tafiyar ba mai tsawo ba ne. Maigida, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya je ganin jikokinsa a Malaga inda ɗansa ke aiki, mu kuwa aka tafi da mu riƙon jaka da takardu kamar kullum. Ranar Juma'a bayan lisha yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, gobe da jibi ba ni da aiki. Ina za a kai ku?" Maigida bai nemi shawarar kowa ba ya ce Ƙurɗuba. Mutanen ƙasar Kordoba suke ce mata. Da sassafe muka hau jirgin ƙasa mai gudu, muka ratsa gonakin zaitun da ido ba ya ganin ƙarshensu, cikin kamar awa guda sai ga mu a birnin.

Duk wanda ya yi zaman zaure gaban malami ya san garin nan tun bai san inda yake a taswira ba. Muwaɗɗar Imam Malik da muke karantawa riwayar Yahaya bin Yahaya al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Ishiriniyar da ake rerawa a watan Mauludi, mai ita, Alfazazi, haifaffen nan ne. Bidayatul Mujtahid ta Ibn Rushd ce, wanda ya yi alƙalanci a garin kamar yadda kakansa ya yi. Tafsirin Ƙurɗubi kuwa sunan garin ne a bangonsa, ko da yake mai shi ya bar gida ya ƙare rayuwarsa a Masar a 1273. Don haka muka shiga kamar mai zuwa gaida dangin uwa da ya sha jin labarinsu bai taɓa ganinsu ba.

Daga waje ginin ya fi kama da ganuwa, katanga mai kauri ta dutse, tsawonta kusan mita 180, faɗi kusan 130. Ana shiga ta farfajiya mai itatuwan lemo jere-jere, inda ake alwala a da. A gefenta akwai hasumiyar ƙararrawa mai tsayin mita 54, kuma a cikin cikinta hasumiyar kiran salla take, wadda Abdurrahman na Uku ya gina a wajen 951. Da ta raunana a ƙarshen ƙarni na 16, maginan coci suka naɗe ta da sabon gini maimakon su kayar da ita duka.

Da muka tsallaka ƙofa sai da muka tsaya ido ya saba da duhu. Sa'an nan ginshiƙai suka fara bayyana, sahu bayan sahu, fiye da 850, kowane biyu an haɗa su da baka mai ratsin ja da fari, bisa wannan baka kuma wata baka. Duk inda ka juya haka ne, sai ka ce gonar dabino da aka shuka da igiya. Maigida ya daɗe bai ce uffan ba. Yaron ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ya ce masa, "Ajiye tukuna. Fara gani da naka idon."

Me ya sa baka biyu, ɗaya bisa ɗaya? Rashi ne ya kawo ta. Abdurrahman na Farko ɗan gudun hijira ne. Da ƙyar ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa gidan Umayyawa a 750, ya kama mulkin Ƙurɗuba a 756, ya fara masallacin a 785. Bai sa a sassaƙo sababbin ginshiƙai ba. Na tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Kiristocin da suka gabace shi aka tattaro, shi ya sa a wannan sashe na farko da wuya ka sami biyu masu kama ɗaya: wani baƙi, wani ja-ja, wani mai sulɓi, wani mai tsaga-tsaga. To, ginshiƙan gajeru ne, in aka ɗora musu rufi kai tsaye ɗaki mai faɗi haka zai zama kamar rami. Sai maginan suka ɗora wani ginshiƙi na dutse a kan kowanne, bakar sama ta ɗauki rufi, ta ƙasa ta riƙe ginshiƙan kada su buɗe. Ratsin nan ma jan bulo ne da farin dutse aka jera bi da bi. Can sama kuma, bisa kowane layin baka, akwai kwatar ruwan sama da ke bi har ta zubar waje. Abin da duniya ke tururuwar kallo yau dabarar mutum ce da ya ƙi raina abin da ya tarar.

Abin da ya fi wannan muhimmanci gare mu shi ne yadda ginin ya girma. Jama'a ta yi yawa, masallaci ya yi kaɗan, irin kukan da muke yi a zango yau. Abdurrahman na Biyu, tsakanin 833 da 848, ya fasa bangon alƙibla kaɗai ya ja ginin gaba, da baka irin ta farko. Alhakam na Biyu, wanda ya hau a 961, ya sake fasa alƙibla ya ƙara gaba. Da aka zo kan Mansur bin Abi Amir a 987, kogi ya tare gaba, sai ya buɗe gefen gabas ya ƙara layi takwas a kan sha ɗaya na asali. Wannan ya sa mihrabi ya daina zama a tsakiya, kuma ya haƙura da haka. Masu mulki huɗu cikin shekara 200, kowannensu da dukiyar da zai iya share wurin ya kafa sabo da sunansa, amma ba wanda ya taɓa aikin na gabansa in ban da bangon da ya tare hanya. Har tsimin Mansur ana gani, don a sashensa bakar duk dutse ce, jan fenti aka shafa ta yi kama da ta da. A jikin ginshiƙansa kuma masassaƙa sun bar alamominsu, wasu har da sunayensu da harafin Larabci, irin su Nasr da Mas'ud.

Sashen Alhakam shi ne amaryar ginin. Mihrabin ɗan ɗaki ne sosai, ƙofarsa kewaye da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, an jera su ɗaya-ɗaya har suka zama ganye da rubutun Kufi. Masu tarihi sun ce Alhakam ya roƙi sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniyya, Kirista, ya aiko masa da gwanin wannan aiki, gwanin kuma ya koya wa yaran gida. Ƙubbar da ke gaban mihrabi tana zaune a kan bakuna takwas da suka sarƙe juna suka bar tsakiya fili. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon soro a Zariya ko Kano ya ga ɗaurin guga zai ji kamar ya san wurin, ko da yake kama ba ta zama dangantaka. Abin da ya sa Maigida murmushi shi ne alƙiblar, wadda ta fi karkata kudu alhali Makka daga can tana wajen gabas. Manyan malaman Malikiyya sun yi salla a haka ƙarni bayan ƙarni.

Yanzu ga ɓangaren da ake jira. Kana cikin tafiya a wannan inuwa sai haske ya buge ka, ka ɗaga kai ka gan ka cikin wani coci mai tsayi, fari fat, da mutum-mutumi da zinariya da kujerun katako masu sassaƙa, an dasa shi a tsakiyar masallacin. Ba za mu ɓoye ba, abin ya soke mu. Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236, aka mai da masallacin coci, kuma har yau Musulmi ba shi da izinin yin salla a ciki. Masu gadi suna lura. Azahar ta same mu a gaban mihrabi, sai fita muka yi muka nemi wani ɗan ƙaramin masallaci a cikin lambun Kolon, wanda aka gina wa sojojin Maroko a zamanin yaƙin basasar ƙasar na shekarun 1930. Can muka yi, mu da 'yan Maroko da wasu 'yan Senegal masu talla, a ɗakin da bai fi zauren Maigida da yawa ba. Wanda ya ce wannan ba ciwo ba ne, bai je ba.

Amma adalci wajibi ne ko a kan wanda ya ɓata maka. A Ishbiliya, wato Sebiya, da aka tashi gina babban coci a ƙarni na 15, rushe masallacin aka yi, aka bar hasumiya da farfajiya kaɗai. A Toledo ma rushewa aka yi. A Ƙurɗuba kuwa kusan shekara 300 aka yi ana ibadar Kirista a ciki, gyare-gyaren da aka yi ba su canja kamannin ginin ba. Da bishop da mutanensa suka ƙudura gina wancan coci na tsakiya a 1523, waɗanda suka tashi suka ƙi su ne majalisar garin, Kiristoci 'yan uwansu, har suka yi shelar hukuncin kisa a kan duk maginin da ya sa hannu a rushewar. Sai da magana ta kai ga Sarki Karlos na Biyar ya goyi bayan coci. Ana ba da labarin cewa da ya zo daga baya ya gani da idonsa ya yi nadama. Ko ya yi ko bai yi ba, jikokin waɗanda suka ci garin da yaƙi sun ɗauki ginin nasu ne har suna barazanar kisa a kansa. Mu kuwa, jikokin waɗanda suka gina namu da hannunsu, muna tara kuɗin katafila.

Sai kuma wani abu da ba a faɗa mana a wa'azin Andalus. Bayan 1236 wasu Musulmi sun zauna a garin ƙarƙashin sabon mulki, tsiraru, kamar yadda muke tsiraru a nan. Sarki ya ɗora wa masu sana'a cikinsu, magina da kafintoci, aikin kwana biyu kowace shekara a jikin ginin a matsayin haraji, wasu kuma coci ya ɗauke su aiki yana biya. Zalunci ne a sa mutum gyaran ɗakin da aka hana shi salla a ciki, ba mu da wani suna da za mu ba shi. Duk da haka mun daɗe muna juya maganar a zuci. Mutum ya hau rufin masallacin kakanninsa, ƙararrawa tana kaɗawa a kunnensa, ya share kwata, ya canja katakon da ya ruɓe, ya kuma yi aikin da kyau. Da hannun irin waɗannan da na waɗanda suka gaje su ne ruwan sama bai gama da abin da takobi ya bari ba. Kulawar har yau ba ta yanke ba. A watan Agustan 2025 wuta ta tashi da dare a wani ɗaki na sashen Mansur, 'yan kwana-kwana suka kashe ta a daren, washegari aka buɗe wa masu ziyara.

A matsayinmu na masu riƙe takardu, akwai labarin da ya fi ba mu tsoro. A 2006 hukumar cocin garin ta je ofishin rajistar filaye ta rubuta ginin da sunanta a kan euro 30, bisa wata doka da ta ba bishop-bishop wannan dama. Sai bayan shekaru mutane suka farga, aka yi ta koke-koke, wasu masana suka ce ginin na jama'a ne, coci ya ce nasa ne tun 1236. Har yau sunan coci ne a rajista. Shekara 770 ba a rubuta ba, rana ɗaya aka rubuta, magana ta zauna.

Ragowar yinin Asabar yawo muka yi a tsohon gari. Lungunan ƙunci gare su, wani ma in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, gidaje duk an shafe su fari. Garin yana cikin mafi zafi a Turai, da bazara yakan haura digiri 40, kuma ginin ya san da haka. Lungu mai ƙunci inuwa ne, farin bango yana korar rana, gida kuma baya yake ba titi. Za ka ga ƙofa, bayanta ɗan zaure, bayan zaure ƙofar ƙarfe mai raga, ta cikinta ka hango tsakar gida da rijiya da tukwanen furanni rataye a bango. Maigida ya leƙa ɗaya ya ce, "Malam, ai wannan gidan kakana ne, furanni kawai suka fi mu." Kowace shekara a watan Mayu masu gidajen sukan buɗe ƙofa a shiga kallo, har da gasa. Mu da muka toshe tsakar gidajenmu da ɗakunan haya muna kwana da fanka, sai muka yi shiru.

A tsohuwar unguwar Yahudawa akwai ɗan ɗakin ibadarsu, ginin 1315, zanen bangonsa irin na Musulmi, rubutun kuwa Ibrananci. An kore su daga ƙasar a 1492, ɗakin ya zama asibiti, ya zama wurin ibadar ƙungiyar dukawa, aka rufe rubutun da yaɓe, sai a 1884 aka gano shi. Kusa da nan mutum-mutumin Musa bin Maimun yake, gaba kaɗan jikin ganuwa na Ibn Rushd. Ɗaya a Masar ya rasu, ɗaya a Marrakesh, kuma dukansu a hannun Muwahhidai, sarakunan Musulmi, suka sha wuyarsu.

Gargaɗi ga mai niyyar zuwa: miyar tumatir mai sanyi da garin ke alfahari da ita, salmorejo, akan barbaɗa mata naman alade a sama, sai ka ce kada a sa tun kafin a kawo. Mu soyayyen yalo da zumar rake muka ci, da kifi.

Da yamma muka taka gada mai baka 16 a kan kogin Gwadalkibir, wato Wadil Kabir da bakin Turawa ya tauna. Rumawa suka kafa ta shekara 2,000 da suka wuce, kowane mai mulki ya zo ya gyara. In ka kai ƙarshenta ka waiwaya lokacin da aka kunna fitilu, za ka ga masallacin shimfiɗe, cocin ya fito ta tsakiyar rufinsa kamar tozo.

Lahadi da safe muka hau bas zuwa Madinatuz Zahra, kilomita takwas yamma da gari, a gindin duwatsu. Nan ne ya kamata hawayen da muka yi guzuri su zuba. Abdurrahman na Uku, bayan ya ɗauki laƙabin halifa a 929, ya fara gina wannan birni a wajen 936, hawa-hawa a jikin tudu, fada a sama, lambuna a tsakiya, gidajen jama'a a ƙasa, fili ya haura hekta 100. Nan ake karɓar jakadun sarakuna, nan dukiyar Andalus ta zuba. Bai cika shekara 80 ba. Daga 1009 fitina ta tashi tsakanin Musulmi a kan gadon sarauta, Larabawa da Barbar da bayin fada kowa da ɗan takararsa, tsakanin 1010 da 1013 aka washe birnin aka cinna masa wuta. A 1031 halifancin kansa ya ƙare, ƙasa ta tsage ƙananan masarautu. Fernando bai iso ba sai bayan shekara 200 da ɗoriya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan wuta sai sata ta sannu-sannu. Ƙarni bayan ƙarni ana zuwa ana kwasar duwatsu, Musulmi sun kwasa, Kirista sun kwasa, har aka manta sunan wurin, mutane suna ce masa Tsohuwar Kordoba. Sai a 1911 aka fara tono, kuma har yau abin da aka tone kamar kashi ɗaya ne cikin goma. A gidan tarihin da ke gindin tudun mun ga gutsattsarin dutse masu zanen ganye jere a kan kanta, kowanne da lamba, ana neman wanda ya dace da wane. Can sama Maigida ya zauna ya huta, ya daɗe yana duban filin, ya ce, "Wancan an ƙwace, yana nan. Wannan yana hannunmu, babu shi." Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

To, ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. Masallacinmu ba Ƙurɗuba ba ne. Ɗaki ne na ƙasa mai ginshiƙi huɗu, wanda fataken goro da suka kafa zangon nan suka gina, daga baya aka ɗora masa kwano. Ba Baturen da zai sayi tikiti don ya gan shi. Amma a garin da ake kiranmu baƙi ko bayan haihuwar kaka da jika, inda duk rikicin fili ke farawa da "yaushe kuka zo?", wannan ɗaki shi ne dattijon da ya fi kowa shekaru cikinmu, kuma shaidarsa ba ta buƙatar tafinta. Bene mai tayil da shuɗin gilashi cewa zai yi jiya muka zo, da kuɗi.

Masu son rushewa mutanen kirki ne, mafi yawansu ma sun fi mu ba da sadaka. Sun ce ya yi kaɗan, ran Juma'a har titi ake shimfiɗa tabarma, da damina a jiƙe. Gaskiya ne. Sun ce ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, samari kuma sun tafi neman abinci. Wannan ma gaskiya ne. Sun kuma tuna mana da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu na shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Wannan hujja ba ta wasa ba ce, rai ya fi kowane bango. In injiniya mai amana ya duba ya ce ginin ba ya gyaruwa, mu ne farkon masu cewa a fitar da mutane. Amma har yau ba a kira kowa ya duba ba. An kira mai zanen bene, an kira mai ƙiyasin siminti.

Kada kuma a ce siminti ne maganin ƙasa. Ga Larabanga nan a arewacinmu. A shekarun 1970 aka lulluɓe masallacin da siminti da kyakkyawar niyya, simintin ya kulle danshi a ciki, gini ya raunana, da aka zo gyara a farkon shekarun 2000 sai da aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa. Bangonmu na arewa da aka shafa wa siminti shekarun baya, kowa ya ƙwanƙwasa zai ji yana amsawa kamar ganga.

Abin da muka gaya wa Maigida a jirgin dawowa, kuma ya ba mu izini mu faɗa a nan, shi ne a yi irin ta Mansur. Gabas titi ya tare mu kamar yadda kogi ya tare shi, amma a kudu akwai filin da ake ajiye amalanke da tsohuwar rumfa. A buɗe bangon kudu, a ja gini can da bulo da siminti da duk abin da masu ba da kuɗi ke so, a bar ɗakin kakanni da mihrabinsa, sahu ya ratsa daga tsoho zuwa sabo. Mihrabi zai koma gefe, to Ƙurɗuba ta yi shekara dubu a haka. Sa'an nan a sa kwana biyu a shekara kafin saukar damina, kowane gida ya ba da mutum ɗaya, a yi yaɓe a share indararo, tsofaffin magina biyun da suka rage mana su tsaya a kan samari. Abin da aka tilasta wa waɗancan bayin Allah a ginin da aka hana su, bai kamata ya gagare mu da son rai ba a ginin da muke salla biyar a ciki.

Saura takarda, wadda ita ce aikinmu, kuma a nan laifin namu ne kafin na kowa. Da muka dawo muka zazzage akwatin Maigida kaf. Mun sami rasiɗin kwano, da wasiƙun ajami na fatake, da jerin waɗanda suka ba da gudummawar lasifika. Takardar fili babu. Filin kyautar baki ce daga sarkin garin na wancan zamani, shaidunta duk suna ƙasa. Shekara 20 muna riƙe da wannan akwati ba mu taɓa tambaya ba. Ranar da aka kayar da tsohon bango, fili ne tsura zai rage na 'yan watanni, a tsakiyar gari inda kowane taku yake da kuɗi, ba gini ba takarda. Sunan maginan da suka ɗora ginshiƙan nan huɗu ma ba mu same shi a rubuce ko'ina ba. Nasr da Mas'ud sun fi su sa'a.

Maigida bai sa hannu a takardar kwamiti ba, bai kuma yage ta ba. Ya ce a zauna ranar Lahadi bayan la'asar a zaurensa, a kira masu son bene da masu son tsoho, a kira tsofaffin maginan. Wanda yake da hoton masallacin kafin a sa kwano, ko ya ji sunan wani magini daga bakin kakarsa, muna roƙonsa ya zo da shi, ko ya aiko mana mu kwafa. Litinin kuma, in Allah Ya kai mu, za mu ofishin filaye da sassafe.